Amosanin Jini A Zangon Akra: A Duba Jini Kafin A Kai Goro

Idan dai ba a manta ba, a watan Mayun 2024 ne gwamnan jihar Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sanya hannu a kan dokar da ta tilasta wa masu niyyar aure yin gwajin lafiya kafin a ɗaura musu aure, ciki har da gwajin nau'in jinin da mutum ya gada daga iyayensa. Labarin ya iso zangon Akra ta bakin fatake da 'yan'uwa masu zuwa da dawowa, aka yi ta muhawara a kansa a majalisun Nima da Mamobi, wasu na yabawa, wasu na cewa shisshigi ne a cikin lamarin Allah. To amma abin tambaya a nan shi ne, mu da ke zaune a Gana, ina muka kwana a kan cutar da ta sa aka yi wannan doka, wato amosanin jini, wadda aka fi sani da sikila?

Alƙaluman masana sun nuna cewa kimanin jarirai 2 cikin 100 da ake haifa a Gana suna zuwa da wannan cuta, wato wajen yara 15,000 a kowace shekara. A Nijeriya kuwa adadin ya kai kimanin 150,000. Cutar ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa, domin Farfesa Felix Konotey-Ahulu, wanda ya daɗe yana kula da masu ita a asibitin Korle Bu, ya bi salsalarta a cikin danginsa har zuwa shekarar 1670. Haka kuma a Kumasi ne marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwada jarirai tun daga haihuwa a shekarar 1995.

Yadda abin yake shi ne, ƙwayar jinin mai lafiya a zagaye take, tana ratsa jijiya salin alin, tana kuma yin kwana 120 kafin ta mutu. Ta mai sikila kuwa takan tanƙware kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ba ta kuma wuce kwana 10 zuwa 20. Wannan ne ke jawo ƙarancin jini, da ɗashewar tafin hannu, da idanu su yi ruwan ɗorawa, da kumburin saifa. A jikin jariri alamar farko takan kasance kumburin hannuwa da ƙafafu tun yana wajen wata shida, yana ta kuka ba a san dalili ba. Idan ya tasa sai ciwon ƙashi mai tsanani, musamman lokacin damina da hunturu, ko bayan zazzaɓin cizon sauro, ko idan ruwa ya ƙare a jiki. Duk falken da ke ɗaukar irin wannan yaro a doguwar mota daga Akra zuwa Bawku ko Aflao, ya tanadar masa isasshen ruwan sha da rigar sanyi, ya kuma sani cewa zazzaɓi a jikinsa ba abin jira ba ne sai an sauke kaya.

Abin takaici, a gidajenmu da yawa uwa ce ke ɗaukar laifin. Idan ta binne yaro biyu ko uku sai a ce mai wabi ce, ko a ɗora wa kishiya, ko mayu, ko iska. Wata ma saki ke biyo baya. Alhali kuwa yaro ba ya samun wannan cuta sai ya gado ta ɓangare biyu, rabi daga uba, rabi daga uwa. Idan miji da mata duk AS ne, to kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai kamu ba. Ana iya jera uku masu ita, ana kuma iya haihuwar biyar babu ko ɗaya. Auren zumunci da muke alfahari da shi yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ita, tun da jinin tushe ɗaya ne.

To sai dai akwai wani tarko da ya fi shafar mutanen zango, wanda ba kowa ya san da shi ba. Ban da S, akwai wani nau'in jini da ake kira C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso. Zango kuwa mahaɗa ce: Bakano ya auri Badagomba, Bazabarme ya auri 'yar Mosi. Idan mai AS ya auri mai AC suna iya haifar mai SC, wanda shi ma sikila ce. Sau da yawa takan fi SS sauƙi, amma tana iya lalata ido da ƙashin kwatangwalo, tana kuma wahalar da mace mai ciki. Gwajin nan mai araha da ake cewa "babu sikila" S kaɗai yake gani, ba ya ganin C. Saboda haka duk wanda zai yi gwaji ya nemi wanda zai fito masa da haruffa biyu a rubuce, AA ko AS ko AC. Kada kuma a rikita wannan da rukunin jini irin su O da A da B, wanda amfaninsa na ƙarin jini ne.

A ganinmu, dokar Kano ta kama hanya, amma takarda a ranar ɗaurin aure ta makara. Wa zai iya cewa a fasa bayan an kai lefe, an raba goro, baƙi sun iso daga Kumasi da Yamai? Abin da ke biyo baya shi ne sayen takardar jabu. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lokacin gwaji shi ne tun kafin manya su shiga magana. Asibitin Mamobi na nan kusa da mu, kuɗin gwajin kuma bai kai na atamfa ɗaya a cikin akwatin amarya ba. A nan ne limamai da sarakunan zango da ƙungiyoyin 'yan kasuwa ke da rawar takawa, domin kalma ɗaya daga kan mumbari ta fi takardar sanarwa dubu.

Ga waɗanda Allah Ya riga Ya ba su irin waɗannan yara kuwa, ba a yanke ƙauna ba. Da allurar rigakafi, da fenisilin, da gidan sauro, da zuwa asibiti a kan kari, yara da yawa suna girma su yi aure su riƙe kasuwa. A 2019 gwamnatin Gana ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Novartis don samar da maganin Hydroxyurea, wanda ke rage yawan tashin ciwon, daga baya kuma aka sanya shi cikin magungunan da inshorar lafiya ta ƙasa ke biya. A sabunta wa yaro katinsa, a kuma riƙa ba da gudummawar jini, domin ranar da nasa ya yi ƙasa, jinin ɗan'uwa ne zai cece shi da iznin Allah.

Ba mu taɓa ganin falken da ya biya kuɗin buhu bai kwance bakinsa ya duba ba. Bai kamata a ce mun fi kula da buhun masara a kan lafiyar jikokinmu ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma sa mu gane, amin.