Raddi Ga Masu Cewa Ethel Wright Ta Cancanci Mantuwa

Duk lokacin da aka tono sunan wata mai zane da tarihi ya binne, ba a rasa masu taɓe baki su ce yayi ne kawai. Haka suke faɗa a kan Ethel Wright, Baturiyar Ingila da ta rayu daga 1866 zuwa 1939, wadda ta zana Christabel Pankhurst, jigo a gwagwarmayar samar wa mata 'yancin jefa ƙuri'a. Hujjoji uku suke kafawa, kuma za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, wai zamani ba ya zalunci: da aikinta ya kai, da ba a manta da ita ba. To, hajar da ba a baza a kasuwa ba, ta yaya za a ce ta yi kwantai? An nuna zanen a 1909, a baje kolin da ƙungiyar 'yan gwagwarmayar, WSPU, ta shirya a unguwar Knightsbridge ta Landan. 'Yar gwagwarmaya Una Dugdale ta saye shi, ya zauna a hannun danginta har 2011, lokacin da aka bar shi wasiyya ga National Portrait Gallery, gidan adana hotunan mashahuran Birtaniya. Shekaru masu yawa ya yi yana ɓoye daga idon jama'a. Kuma har zuwa 1969 gidan yana da ƙa'ida cewa ba ya karɓar hoton mutum sai ya shekara goma da rasuwa, in ban da gidan sarauta. Christabel kuwa sai 1958 ta rasu. Doka ce da gādo suka tsare zanen, babu wani masani da ya auna shi ya ce bai kai ba. A zamaninta ma Wright ba baƙuwa ba ce, ta yi shekaru tana nuna ayyukanta a Royal Academy.

Hujja ta biyu ta fi kama hankali, don haka ta fi bukatar a tsaya mata. Suna cewa hotunan kyamara na waɗannan mata 'yan gwagwarmaya suna nan birjik, me zanen fenti zai ƙara? Sai mu tambaya: wa ya ɗauki hotunan, kuma don me? Wasu daga cikinsu 'yan sanda ne suka ɗauka a ɓoye a harabar kurkukun Holloway, aka raba wa gidajen adana zane a 1914 domin masu gadi su gane fuskokin matan tun daga ƙofa. A hoton Evelyn Manesta, wadda ta ƙi tsayawa a ɗauke ta, an shaƙo wuyanta da hannu, daga baya aka goge hannun daga hoton don kada a ga an yi mata dole. Jaridun adawa kuma suna zana 'yan gwagwarmayar a matsayin munanan gwauraye masu zage-zage.

Yanzu a dubi abin da Wright ta yi. Ta zana Christabel a tsaye, daga kai har ƙafa, irin girman da aka saba tanadar wa janar-janar da manyan 'yan majalisa. Tana sanye da doguwar riga koriya, ta rataya ɗamara mai launukan ƙungiyar, shunayya da fari da kore, tamkar tana tsakiyar jawabi. Wannan mace ce da ta kammala digirin shari'a a Manchester a 1906 da sakamako mafi daraja, aka hana ta aikin lauya don kawai mace ce. Zanen shi ne yadda matan suka zaɓa a gan su, kuma wannan shaida ce da kyamarar ɗan sanda ba za ta taɓa bayarwa ba. Mai nazarin tarihin da ya riƙe hoton hukuma ya yar da wannan, ya saurari ɓangare ɗaya ne na shari'ar.

Ta uku ita ce ta ɓacin rai. A Maris 1914 'yar gwagwarmaya Mary Richardson ta sassare wani zane na Velázquez a National Gallery, a Yulin shekarar kuma wata ta kai wa hoton Thomas Carlyle sara a cikin National Portrait Gallery ɗin kanta. Wai rataye hoton Christabel a nan karrama ɓarna ne. Ba za mu wanke Christabel ba: ta tsere zuwa Paris a 1912, daga can take jan ragamar ƙungiyar a shekarun ƙone-ƙone da fashe-fashen tagogi. Amma tun da aka kafa gidan a 1856, abin da yake dubawa shi ne tasirin mutum a tarihin ƙasar. Hoton Sarki Henry na Takwas yana ciki, mutumin da ya sa aka fille kan matansa biyu, kuma ban ji mai neman a sauke shi ba.

Abu ɗaya za a iya ba su: Wright ba ta kai mai zane John Singer Sargent gwanintar hannu ba, kuma wasu zane-zanenta na ado ne irin na masu kuɗin lokacin. Babu wanda ya nemi a ɗora ta a kansa. Abin da ake nema shi ne a rubuta sunanta a ƙarƙashin aikinta, a kuma nemo sauran, kamar zanen da ta yi wa Una Dugdale, matar da ta tayar da ƙura a 1912 saboda ta ƙi furta alkawarin yi wa miji biyayya a wurin ɗaurin aurenta.