A rage kuɗin bana da kyamara, a horar da masu shiga gidaje

1/ 'Yan ƙungiyoyin matasa na Tambuwal da Kebbe, yau da ku nike. Wanda zai ji haushi shi ji. Abin da muke kira "tallafa wa masu buƙata ta musamman", rabinsa ɗaukar hoto ne.

2/ Kun san tsarin. Azumi ya matso, a buga bana, a jera guragu da makafi cikin rana, a miƙa shinkafa mudu biyu, shugaba ya dafa keken guragu, a watsa a Facebook. Sai kuma baɗi.

3/ Waɗanda sunka fi buƙata ba su ma zuwa wajen rabon. Suna cikin ɗaki. Yaro mai galahanga da bai iya zama. Tsoho da ɓarin jikinsa ya shanye. Budurwa mai farfaɗiya da anka cire daga makaranta. Kowanensu akwai mace guda da ke ɗauke da shi, uwa ko mata ko kaka. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa gaisuwar mutuwa, sana'arta ta mutu, barcinta rabi ne. Wa ya taɓa tambayarta ya take?

4/ Kuma ba wanda ya koya mata komai. Mai farfaɗiya ya faɗi, a tura mai cokali a baki, a danne shi, wasu su watse wai miyansa na yaɗa cutar. Ba ta yaɗuwa. A kawar da wuta da abin da zai ji mai ciwo, a kwantar da shi ta gefe, in ta wuce minti 5 a nufi asibiti.

5/ Yaro mai galahanga, in ana yi mai ɗura yana kwance, abinci na iya bi ta hanyar iska ya sauka huhu. A zaune ake ba shi, kaɗan-kaɗan. Wanda ke kwance bai motsi, a riƙa juya shi kamar duk awa 2, in ba haka ba gyambo ya ci mai baya. Wanga ilimi bai buƙatar digiri. Ma'aikaciyar jinya ɗaya za ta koyar da shi cikin 'yan kwanaki.

6/ Na san mai cewa "aikin gwamnati ne". Gaskiya ne, kuma kar mu daina matsa mata. Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya a Janairun 2019, aka ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Ku zagaya ku ƙirga matakala. Alawus ɗin N6,500 a wata da anka fara zamanin Wamakko ya taimaki mutane, amma alawus bai juya marar lafiya.

7/ Makarantar A.A. Raji tana Sakkwato, asibitin ƙwaƙwalwa yana Kware. Uwar da ke Kuchi ko Sanyinna sau nawa za ta iya wannan tafiya da ƙaton yaro a baya?

8/ Kar a ce ba za ta yiwu ba. Lokacin yaƙi da shan inna, mata aka horar suna bi gida-gida har aka tabbatar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. 'Yan agajin ƙungiyoyin addini ma ga su nan, da horo da ladabi.

9/ To mu nemi 'yan sa-kai (ba na bindiga ba, don Allah). Mafi yawa su zama mata, tunda ƙato bai shiga gidan mutane. Kowace ta riƙe gida 3, ta je sau ɗaya a mako, ta zauna da marar lafiya awa 2, uwar ta yi wanka, ta leƙa 'yan uwa, ko ta kwanta kawai.

10/ Sharaɗi: ba waya a hannu, ba hoto, sirrin gida ya tsaya a gida. Wadda ba a horar ba kar ta taɓa ɗan kowa.

11/ Shugabannin ƙungiyoyi, ku fito da lissafin bara. Nawa bana da mai kyamara sunka ci? Ku rubuto a ƙasa, mu gani ko bai isa kuɗin motar mai horarwa da abincin mutum 20 ba.