Gani Ya Kori Ji

Ƴan'uwa makiyaya da fataken dabbobi, yau muna da magana da masu cewa koya wa yaro ɗaukar hoto ɓata lokaci ne, wai aikin ƴan birni ne, ɗan makiyayi sandarsa ta ishe shi. To, mu dai ba mu yarda ba.

Ku duba yadda duniya ta san mu. A farin 1973 da na 1984 baƙi sun zo da na'urorinsu, suka ɗauki mushen shanunmu da yaranmu riƙe da ƙwarya wurin rabon tsaba. In damina ta yi kyau kuma, sai su zo Ingal lokacin lasar gishiri, ko su bi Gerewol su ɗauki samari sun sha kwalliya. Hoto biyu ke nan: ko muna bara, ko muna rawa. Wa ya ɗauki burtalin da gona ta cinye? Wa ya ɗauki mashayar da aka kewaye da ƙaya? Baƙo ba ya ganin wannan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Doka tana nan a Nijar. Ta 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar karkara ta fito a 1993, dokar kiwo ta 2010 kuma ta ce yawon kiwo hakkinmu ne. Amma in an je gaban kwamitin filaye, mai gona zai nuna hatsinsa a tsaye, mu kuwa sawun garkenmu iska ta share. Sai rantsuwa, alhali rantsuwa ba ta buɗe burtali.

Ga waya mai hoto a aljihun samarinmu, koyarwa ce ta rage. A nuna musu su ɗauki turakun burtali kafin shuka, su koma wurin bayan shuka, su rubuta sunan wuri da rana. Kada su ɗauki fuskar kowa sai da izininsa. In shanunmu ne suka yi ɓarna a gona, ita ma a ɗauka, don wanda ya ɓoye laifinsa ba a karɓar shaidarsa. Ƴan mata ma a ba su, su ɗauki tatsa da tashin ruga da tallan nono, yadda mu muke ganin kanmu.

Ba mu manta Toda ba, inda a 1991 aka kashe mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Can rigimar gona da kiwo take kaiwa in aka bar wa sanda magana. Gara yaronmu ya tsaya gaban hukuma da hoto a hannu, da mu je karɓo gawarsa.

Dattawa, ku bar yara su koya. Allah ya ba mu damina mai albarka.