Abin wuyan kare mai GPS: ra'ayina kafin mu taɓa asusun ƙungiya



Tun ranar da aka yaɗa bidiyon nan na Baturen Amurka mai farautar tsuntsu, wanda karensa ya yi nisa har ya ɓace masa da gani amma yana bin sawunsa a allon wata 'yar na'ura, maganar ba ta kwanta ba. A zaman da ya wuce wasu daga cikin matasanmu masu fita daji sun kawo shawarar a cire kuɗi daga asusun ƙungiya a sayo irin wannan abin wuya, a riƙa ba da aronsa ga masu farauta. Lokaci ya ƙure ban samu yin magana ba, shi ya sa na rubuto. Ina cikin waɗanda ba su goyi bayan shawarar ba. Amma kafin in faɗi dalili, ya kamata mu san abin a ƙasar da aka ƙera shi, da matsalar da aka ƙera shi dominta.

Karen da kuka gani a bidiyon ba irin namu ba ne. Namu da ido yake aiki, ya hango zomo ko gada ya bi da gudu har ya kama. Nasu, irin foyinta da seta da aka kai Amurka daga Ingila, da hanci yake aiki. Zai yi ta kewaya fili yana shaƙar iska, da zarar ya ji warin tsuntsu sai ya ƙame wuri ɗaya kamar gunki, hanci a miƙe, jela a tsaye, wani lokaci ƙafa ɗaya a ɗage. Ba ya kamawa, ba ya kora. Aikinsa ya tsare tsuntsun a inda ya laɓe har maigidansa ya iso ya tashe shi ya harbe. Tsuntsayen dangin makwarwa da fakara ne, irin waɗanda ke lafewa a ciyawa maimakon su tashi.

To a jihohi irin Jojiya da Texas da Dakota filin yana da faɗi, tsuntsu kuma a warwatse yake. Karen da ke tafiya a gindin mai shi ba zai samo komai ba. Don haka suka yi ta zaɓen iri har suka samu karnukan da ke yin gaba da rabin kilomita, wasu ma fiye da kilomita ɗaya. Daga nan matsalar ta taso: karen da ya fi ƙwarewa shi ya fi saurin ɓacewa, kuma idan ya samu tsuntsu ba ya haushi balle a ji inda yake.

Dabarar farko ƙararrawa ce a wuya. Kare na gudu kana jin ta. Sai dai duba abin dariyar: lokacin da ka fi bukatar sanin inda yake, wato lokacin da ya ƙame a kan tsuntsu, a lokacin ne ƙararrawar ke yin shiru. Maharbi sai ya riƙe a ransa ta wane ɓangare ya ji ta na ƙarshe, ya nufi can yana dube-dube. Tsofaffin maharbansu sun ƙware a wannan, har yau akwai masu riƙe da ita. Daga baya aka yi wani abin wuya mai batir da ke ƙara idan karen ya tsaya cak, aka kuma yi na rediyo wanda mutum ke ɗaga eriya yana juyawa har ya ji inda sautin ya fi ƙarfi. Wannan yana nuna maka ɓangare, amma nisan sai dai ka ƙiyasta.

GPS ne ya sauya lissafin. Tsari ne na taurarin ɗan'adam na sojan Amurka, aƙalla 24, suna kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200. Da farko da gangan ake rage wa farar hula daidaitonsa, sai a watan Mayu na 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina. A 2007 kamfanin Garmin ya fito da Astro, na'urar hannu da abin da ake ɗaura wa kare. A 2011 ya sayi Tri-Tronics, masu ƙera abin wuyan horar da kare, shekara guda bayan haka ya haɗa ayyukan biyu a na'ura ɗaya mai suna Alpha. Yadda take aiki ba wuya: abin wuyan yana karɓar saƙo daga taurari ya san inda yake, sannan ya aika wa na'urar hannunka ta igiyar rediyo kai tsaye, ba layin waya, ba intanet. Tana iya sabunta wurin duk daƙiƙa biyu da rabi, tana bin karnuka har 20. Idan kare ya ƙame sai ta girgiza a hannunka, kibiya ta nuna maka ɓangare, lamba ta gaya maka nisa.

Ban raina wannan ba ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa kwana a daji yana kiran karen da bai dawo ba ya san darajar wannan kibiyar. Kare ya faɗa rami, ko waya ta sarƙe shi, ko ya nufi babban titi, da a da sai dai a yi ta yawo, yanzu kai tsaye za a je kansa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda gwanayen wannan sana'a da kansu suke kallon na'urar. Suna da gasar karnuka, mafi shahara ita ce wadda ake yi a gandun Ames da ke Grand Junction a jihar Tennessee, inda kowane kare ke gudu na awa uku cur, mai shi da alƙalai suna biye a kan dawaki. A gasanni irin waɗannan ana barin kare ya sa abin wuyan, amma ba a yarda mai shi ya riƙa duba na'urar hannun ba. Da zarar ya nemi a kunna masa ita don ya gano karensa, to ya fitar da karen daga gasar da hannunsa. Ma'ana a wurinsu karen kirki shi ne wanda duk nisan da ya yi yana sane da inda maigidansa yake, yana juyawa idan ya juya, yana amsa kira. Na'urar ta ranar tsautsayi ce. Mutanen da suka ƙirƙiro abin ke nan, masu kuɗin sayensa.

Mu ma ai ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida da ta halatta abin da kare ya kamo, da sharaɗin koyarwa ta zo. A hadisin Adiyyu bn Hatim da ke cikin Bukhari da Muslim an hana shi cin abin farauta idan ya tarar da wani kare tare da nasa bai san wanne ya kama ba, domin a kan nasa kaɗai ya ambaci sunan Allah. Bayanin hukuncin na malamai ne, ni dai abin da na ɗauka shi ne tun asali an ɗora wa mafarauci nauyin ya hori karensa, ya kuma san abin da karen ke yi. Karen da ba ya jin kira, ko ka rataya masa na'urar miliyan, abin da za ka samu shi ne ka zauna kana kallonsa a allo yana shiga gonar rogon mutane.

Gonar mutane kuwa ita ce asalin damuwata. Ko a Amurka rigimar da ta fi zafi game da karnukan farauta ta shiga filin wani ce. A jihar Bajiniya akwai tsohuwar doka da ta ba mafarauci damar shiga filin da ba nasa ba don ɗauko karensa, muddin bai shiga da makami ba, kuma masu filaye sun daɗe suna yaƙi da ita, har kotu an je. A can ma laifi ne mutum ya cire wa karen wani abin wuyan bin sawu, wanda ke nuna maka irin zafin da abin ya yi har aka kai ga yin doka. Zuwan GPS bai kashe wannan rigima ba. Abin da ya kashe shi ne uzurin nan na ban san inda karena ya shiga ba, tunda na'urar na ajiye duk hanyar da ya bi. Mai fili zai ce maka kana gani ka ƙyale.

Yanzu ku auna da halin da muke ciki a nan Kudu. Mu baƙi ne a idon masu gonakin nan ko da an haife mu a garin. Kare ɗaya ya kashe akuyar wani ko ya ciji yaro, ba sunan mai karen za a kira ba, cewa za a yi Hausawa. Dukanmu muna tune da Uromi a jihar Edo, watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah. Allah ya jiƙansu. Ba abin wuyan da zai tare irin wannan zalunci, kuma ban kawo shi don in ɗora musu laifi ba. Na kawo shi ne don mu tuna cewa mutumin da aka gani da bindigar gargajiya da karnuka a ƙasar da ba a san shi ba, zargi yana gabansa tun kafin ya buɗe baki. Abin da ke rage wannan zargin sanayya ce da masu gari tun kafin a shiga daji, kuma wannan ba a sayo ta daga waje.

Sai maganar kuɗi. Na'urar hannu da abin wuya ɗaya, sabbi, suna kaiwa dala 1,000 ko kusa da haka, wato sun haura naira miliyan ɗaya kafin kuɗin jigila da na kwastan. Na kare ɗaya ke nan. Masu farautarmu kuwa da garke suke fita, kare goma, goma sha biyar. Wa za a ɗaura wa, wa za a bari? Nisan mil 9 da kamfanin ke tallatawa, kusan kilomita 14, na fili ne fetal inda ba abin da ya tare tsakaninka da karen. A kurmin nan namu mai duhuwa da kwari da tudu, igiyar rediyo ba za ta kai ko kusa da haka ba. Batirin wasu nau'o'in abin wuyan yana ɗaukar awa 20 zuwa 40, mutanenmu kuma sukan yi kwanaki a daji ba wuta. Ga kuma zangon rediyon: wanda aka yi wa Amurka daban, na Turai daban, domin kowace ƙasa da zangon da ta ware, a nan kuma hukumar NCC ce ke da iko da wannan. Ba na son a ce ƙungiyarmu ce ta raba wa matasa na'urar rediyo da ba ta tambayi matsayinta ba, a wannan zamani da ake tare mutum a shinge saboda abin da bai kai wannan ba.

Wani zai ce akwai masu araha, waɗanda ake sa wa layin waya. Akwai. Amma su da sabis suke aiki, inda sabis ya yanke nan labarinsu ya ƙare, dajin da ake samun nama kuwa yawanci shi ne dajin da ba sabis.

Akwai kuma maɓallin nan na jan lantarki da ke jikin wasu daga cikinsu, wanda ake horar da kare da shi daga nesa. A hannun gwani ana amfani da shi kaɗan-kaɗan, bayan karen ya riga ya san umarnin. A hannun mai fushi azabtar da dabba ne kawai. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta irinsa tun 2010. Abin da za a riƙa aro daga hannu zuwa hannu, wa zai tsaya ya koya wa kowa?

Ga abin da nake ganin kuɗin zai yi, da kaɗan daga cikin miliyan ɗin. A sa baduku ya ɗinka wa kowane kare abin wuya na fata, a maƙala ɗan ƙarfe da aka buga lambar wayar mai shi. Turawan nan masu GPS ɗin ma ba su yar da wannan ba, don batir na mutuwa, ƙarfe ba ya mutuwa. Sakatare ya buɗe littafi: sunan mafarauci, yawan karnukansa, kalarsu. A kira likitan dabbobi ya yi musu allurar rigakafin ciwon hauka, a ajiye takardar, domin ranar da kare ya ciji wani ita ce farkon abin da za a nema. Sannan duk fitar da za a yi, Sarkin Hausawa ko wakilinsa ya sanar da mai garin da dajin ke ƙasarsa, baale ne ko igwe, da 'yan sintirinsu, a ƙirga karnuka a gabansu wajen shiga, a ƙirga wajen fita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan wasu cikin mafarauta sun ga suna da hali su haɗa kuɗinsu su sayi guda su gwada a kan jagoran karnukansu, ba ni da ja, zan ma so in ga yadda za ta yi a kurmi. Su dai fara tambayar matsayin zangon rediyonta kafin su biya. Amma asusun da muke kai gawa gida da shi, muke belin ɗan uwa da shi, ban yarda a taɓa shi don wannan ba.

Ina roƙon shugaba ya sa maganar littafin rajista da allurar rigakafi a ajandar zama mai zuwa, a kuma gayyato manyan mafarautanmu su zo da bakinsu, don su suka san daji, ni a allo na gani. Wanda yake da saɓanin ra'ayi ya rubuto, ina saurare.

Wassalam.