Katin Sana'a da Bakin Mai Shaida: Neman Aiki a Ƙasar Ƙonni

Ɗalibin kimiyyar harshe da ya kammala karatu a Yamai ko a Sakkwato, ya kama hanyar komawa Birnin Ƙonni ko Malbaza ko Illela, ba ya rasa guzurin nasiha. A ce masa ya buga katin sana'a mai ɗauke da sunansa da lambar wayarsa, ya tsara takardar tarihin karatunsa da aikinsa, ya buɗe shafi a LinkedIn. Nasihar ba ta da aibi, sai dai riga ce da aka ɗinka da awon wasu ƙasashe, inda ma'aikata ke shelanta gurbi, mutum ya aika takarda ya zauna jiran kira. A wannan yanki na jihar Tawa ba safai aiki kan zo ta wannan ƙofa ba.

Wuraren aikin sanannu ne. Akwai masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ta samo asali tun shekarun 1960, da asibitin mishan na Galmi da aka buɗe a 1950. Akwai cinikin albasar Galmi da ake lodi zuwa Gana da Kodebuwa, da gonakin rani na Ƙonni, da kasuwar Badagishiri, da hada-hadar bakin iyaka tsakanin Ƙonni da ɗaya Illelar, ta jihar Sakkwato. Sai makarantu da gidajen rediyo da ƙungiyoyin raya karkara. A cikinsu babu mai rataye allo cewa yana neman masanin harshe, alhali kuwa kullum aikin harshe suke yi: likitan da ba ya jin abin da tsohuwa ke nufi da ciwonta, ɗan bincike mai takardar tambayoyi da Faransanci a gaban manomi Bahaushe, ɗan kasuwa mai takardun kwastan cikin harsuna biyu. Gurbin yana nan, suna ne ba shi da shi. Gurbin da ba shi da suna kuwa ba a shelarsa, a baki ake cika shi.

A nan ne kati ke gazawa. Kati ikirari ne, mutum ke faɗin kansa. Abin da mai ɗaukar aiki ke nema shi ne shaida, wato wani da ya yarda da shi ya ce: na san wane, na ga aikinsa. Tsarin ba sabo ba ne. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda fataucin shanu da goro ya rataya a wuyan maigida, wanda ke saukar da baƙo, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya masa a kan bashi. Wanda ya taɓa tsayawa wajen lodin albasa a Galmi ya ga irinsa: kaya masu yawa na tashi a kan kalmar dillali, ba tare da an sa hannu a ko'ina ba. Dillalin bai da kati, kuma kowa ya san inda za a same shi.

Za a ce ai wannan shi ne alfarmar da ta hana ƴaƴan talakawa aiki, abin da ƴan boko a Nijar ke yi wa laƙabi da PAC, wato dangi da abokai da ƴan sanayya. Ƙorafin na da tushe, don mai uwa a gindin murhu har gobe ba ya cin tuwonsa gaya. Amma alfarma daban, shaida daban. Mai alfarma yana tura nasa ne ko ya iya ko bai iya ba, kuma in aiki ya lalace ba shi da asara. Mai shaida sunansa yake jinginarwa. In ya gabatar da ragon tafinta sau biyu, a karo na uku ba mai sauraronsa. Ɗan talaka ba zai iya ƙirƙiro kawu a ma'aikatar gwamnati ba, amma yana iya tara masu shaida, kuma ba daga cikin dangi ba.

Binciken Mark Granovetter a kusa da birnin Boston na Amurka, wanda ya fito a 1973 da 1974, ya gano cewa waɗanda suka sami aiki ta hanyar mutane, galibi sun ji labarinsa ne daga wanda ba su cika haɗuwa da shi ba. Dalilin a fili yake: ƴan uwa da aminai labari ɗaya suke ji, a majalisa ɗaya suke shan shayi. Ɗaliban walwalar harshe sun san tagwayen wannan magana daga aikin Lesley Milroy da James Milroy a Belfast, inda aka ga al'umma mai curarriyar dangantaka tana riƙe karin harshenta gam, sabon furuci kuma yana shigowa ta bakin masu kai da komo tsakanin unguwanni. Hanyar da baƙon furuci ke bi ya shiga gari, ita labarin aiki ke bi. Saboda haka tsohon malamin firamare da aka mayar Tajaye, da direban da ke tsayawa a mararrabar Tsarnawa, da ma'aikaciyar jinya da aka yi zaman makoki tare da ita, sun fi abokin ɗaki amfani ga mai neman aiki. Sharaɗi guda ne: su san abin da ya iya.

To, a nan kati ke da ɗan muhalli, in an rubuta shi da hankali. Yawancin katunan sabbin masu digiri suna ne da sunan digiri da Faransanci, abin da ba ya gaya wa shugaban ƙungiyar manoman albasa komai. Da a ce katin ya faɗa da Hausa ƙarara cewa mai shi yana fassara daga Faransanci da Ingilishi, yana tafinta, yana mayar da hirar da aka naɗa zuwa rubutu, yana gyara rubutun sanarwa, da an san ranar nemansa. Abin mamaki ne masanin harshe ya buga katin da rabin masu karɓarsa ba za su iya karantawa ba, a ƙasar da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

Ɗan wannan yanki yana da wata haja da ba kasafai yake ganin darajarta ba. Ya tashi da Hausar yamma, mai cewa munka da sunka inda Bakano ke cewa muka da suka, mai hwara a madadin fara, mai na da ta a gurbin ne da ce. A jami'a kuma ya koyi daidaitacciya. Ya san Nijar na rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Saƙon rigakafi ko na noma da aka tsara da Hausar Kano yana iya isa kunnen mutumin Dogarawa da ɗanɗanon baƙunta, kuma mai iya daidaita shi ba tare da ɓata ma'ana ba sana'a gare shi. Wasu ɗalibai sun ɗauki karin gida abin ɓoyewa ne a gaban manya. Shi ya kamata su fara ambata.

Sauran aikin na ƙafa ne, kamar zumunta. A yi rajista da hukumar samar da aiki ta ANPE, a shiga gasar ɗaukar ma'aikata in an buɗe, amma kada a zauna jiransu. A je gidan rediyon gari a karɓi fassarar sanarwa ko da ladan kaɗan ne, domin aikin da aka gani shi ke haifar da mai shaida. A kuma kiyaye ladabin kusantar manya: wanda ya tura wa darakta takardunsa ta WhatsApp ba sallama ba gabatarwa, ya rufe ƙofar tun kafin ya ƙwanƙwasa. Ana fara gaisuwa, a faɗi wanda ya turo mutum, buƙata ta biyo baya.

Wannan hanya ta fi wa ɗalibai mata tsauri, domin majalisun dare da bakin tasha, inda labarin aiki ke yawo, ba wurin zamansu ba ne, kuma yawan zirga-zirga a ofisoshi na jawo musu tsegumi. Nauyin ya koma kan malaman sashe. Malamin da ya duba kundin ɗaliba na tsawon shekara ya fi kowa sanin iyawarta, kuma kiran waya guda daga gare shi zuwa ga tsohon ɗalibinsa da ke riƙe da wani shiri a Ƙonni ya fi katin da za ta raba ɗari. Sashe kuma zai iya ajiye rajistar tsofaffin ɗalibansa, da inda kowa ke aiki, da harsunan da yake ji, a sabunta ta duk ƙarshen shekarar karatu.