Taliya A Kwanon Mai Juna Biyu: Kada Ta Zo Ita Kaɗai

Ya ke 'yar'uwa mai juna biyu, idan tambayarki ita ce ko mai ciki za ta iya cin taliya, amsar ita ce e, za ta iya. Damuwarmu tana kan irin taliyar da ake kawo miki. A gidaje da yawa na Minjibir da Kunya da Wasai, kamar yadda yake a cikin birnin Kano, taliya da mai da yaji ta zama abincin rana, wani lokaci har da na dare. Tana da saurin dahuwa, ba ta cin itace, yara kuma suna son ta. Ra'ayinmu shi ne wannan kwano bai ishi mace mai ɗauke da rai biyu ba. Gyaransa ma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, domin abin da ya rasa yana cikin rumbunku.

Abin da jikinki ke nema

Tun daga watannin farko jinin jikinki yake ƙaruwa, kafin ki haihu ƙarin ya kusa kai rabin wanda kike da shi a da. Ba a ƙera jini da ƙashi da ƙwaƙwalwar jariri da abinci mai sa ƙoshi kawai. Ana buƙatar sinadarin ƙarfe, da folik asid, da abinci mai gina jiki irin su wake, ƙwai, kifi, nama, gyaɗa da nono. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 61 cikin 100 na masu juna biyu a Najeriya suna da ƙarancin jini. Idan awon jininki ya gaza 11 a ma'aunin da ake dubawa a asibiti, kina cikinsu.

Mace mai ƙarancin jini tana fama da kasala da jiri da haki. Tana iya haifar bakwaini ko jariri marar nauyi. Mafi haɗari shi ne ranar haihuwa, domin zubar jinin da wata za ta jure yana iya kayar da ita. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma naƙuda aiki ce da ake shiga da ƙarfin da aka tara tun wata tara.

To, me taliya ke kawowa? Alkama ce da aka cire wa dusa. Tana ba da ƙarfin aiki da ɗan abin gina jiki, wajen kashi 12 cikin 100 na nauyinta. Tun 2002 doka ta wajabta wa kamfanonin fulawa da sukari da man girki su ƙara sinadaran gina jiki a kayansu, shi ya sa kike ganin tambarin ido a jikin wasu buhuna da galan. Wannan ci gaba ne, amma bai kai ya maye gurbin miya mai ganye da wake ba.

Yadda masu taliya suke cin abarsu

Mutanen Italiya su ne suka yi suna da taliya a duniya, kuma akwai darasi a girkinsu na gida. Na farko, ba sa cika kwano. Abin da suka saba auna wa mutum ɗaya giram 80 zuwa 100 ne, wato leda ɗaya mai giram 500 ta mutum biyar ce. Na biyu, ba sa bari ta yi luguf, suna sauke ta da sauran ƙarfinta, kuma taliyar da ba ta narke ba ta fi jinkirin ɗaga sukarin jini. Na uku, ɗaya daga cikin tsofaffin girke-girken manomansu taliya da wake ce, a dafa su tare da tumatir da albasa da ɗan man zaitun. Abincin talaka ne da ya riƙe masu noma shekara da shekaru.

Haka abin yake a Afganistan. Alhazanmu sun san burodin tamis da shinkafar Bukhari da ake sayarwa a shagunan Afganawa a Makka da Jidda. A gidajensu kuwa suna da wani romo mai suna aush, wanda ake yi da taliya da wake da ganye, a zuba kindirmo a kai.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan hikima. Iyayenmu sun daɗe suna kwaɓa alkama, su murza taliya, su shanya ta a igiya, su dafa ta da wake. Ilimin abinci ya tabbatar da abin da suka gane: akwai wani ɓangare na abin gina jiki da ya yi ƙaranci a alkama da gero da dawa amma ya wadata a wake, shi ya sa haɗa su ya fi cin kowanne shi kaɗai. Wake na ɗauke da abin gina jiki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, ninki biyu na taliya ke nan, ga sinadarin ƙarfe da folik asid.

Kira ga maigida

Malam, wannan sashe naka ne, domin cefane a hannunka yake. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma a ƙasar Minjibir cibiyar binciken aikin gona ta IITA take da gonar gwaji inda ake fitar da ingantattun irin wake. Alkamar da ake yin taliyar leda kuwa, mafi yawanta daga ƙasashen waje ake shigo da ita, shi ya sa kuɗinta ya yi tsalle bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023. Duk manomin da ya kwashe wakensa kaf ya kai kasuwa da kaka, lokacin da ya fi araha, sannan ya dawo gida da katan ɗin taliya, ya ba da mai gina jini ya karɓo mai cika ciki. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Idan matarka na da ciki, ka ware mata kason wake da gyaɗa tun a masussuka.

Ka kuma kula da ajiya. Kada ka zuba wa waken ci fiya-fiya ko wani maganin ƙwari. Saboda ragowar irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar waken Najeriya a 2015. Abin da Turawa suka ƙi ci bai kamata ya shiga cikin matarka da ɗanka ba. Buhun nan mai ruɓi uku, ko jarka mai murfi da iska ba ta shiga, suna kashe ƙwari ba tare da magani ba.

Yadda za a gyara kwanon

Ki raba kwanonki gida uku. Kashi ɗaya taliya, kashi ɗaya wake ko ƙwai ko kifi ko awara, kashi ɗaya ganye da kayan lambu: zogale, alayyafo, rama, kabeji, karas ko kabewa. Ki zuba ganyen daf da saukewa don kada amfaninsa ya ƙone. Ƙuli-ƙulin da aka daka shi ma yana ƙara wa kwanon daraja. Manja kaɗan yana da kyau domin yana da sinadarin da ke taimakon ido, amma cokali ɗaya ko biyu ya isa.

Tumatir da tattasai da lemon tsami da gwaiba suna taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga wake da ganye. Shayi kuwa hana shi yake yi, don haka ki bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin abinci da shayi. Masu hana mai ciki cin ƙwai su yi haƙuri su daina, ƙwai dafaffe sosai yana cikin mafi alherin abin da za ta ci.

Za ki iya cewa wake na cin itace da lokaci, yana kuma kumbura ciki. Gaskiya ne. Ki jiƙa shi tun dare, ki zubar da ruwan, da safe zai yi saurin nuna kuma kumburin zai ragu, ba sai kin loda masa kanwa ba. Wata kuma za ta ce a lokacin laulayi ko ƙanshin daddawa ba ta so, taliya kaɗai ke zama mata. Wannan ma uzuri ne karɓaɓɓe. Ki ci abin da ya zauna miki, kaɗan-kaɗan sau da yawa, amma da zarar laulayin ya lafa ki dawo da haɗin. Kada kuma taliya ta kori tuwon dawa da na gero da fura da dambu, domin hatsin da ba a cire wa dusa duka ba ya fi riƙe ciki, yana kuma rage taurin bayan gida da ke damun masu ciki.

Gishiri da sukari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin ɗunƙule. Taliyar nan mai dahuwa cikin minti kaɗan, wadda kowa ke kira Indomie ko wane kamfani ne ya yi ta, an soya ta da mai tun a masana'anta, kuma garin ɗanɗanon da ke cikin ledarta gishiri ne mafi yawansa. Idan za ki ci, ki zuba rabin garin, ki ƙara ƙwai da ganye, kada kuma ta zama ta kullum.

Yawan gishiri na ɗaga jini. Amma ki sani rage gishiri ba ya hana ciwon jijjiga, awo ne kawai ke gano shi da wuri. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, duk alamu ne na a tafi asibiti nan take. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Inna da Hajiya, ku sassauta hannu idan lokacin ya zo.

Wadda aka gano tana da ciwon suga na ciki, wanda akan gwada tsakanin mako na 24 da na 28, dole ta rage taliya da farar shinkafa da lemon kwalba bisa tsarin da likita ya ba ta.

Abin sha

A Italiya akan haɗa taliya da giyar inabi, har taro ake yi na ɗanɗana ta. Amma ko a can likitoci suna hana mai ciki, domin barasa na ratsa mabiyiya ta isa ga jariri, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa da girmansa, kuma babu wani adadi da aka tabbatar ba ya cutarwa. A nan addini da al'ada sun riga sun rufe wannan ƙofa. Sai dai akwai taga. Wasu jiƙe-jiƙen kwalba da ake tallatawa a tasha da kasuwa da barasa ake jiƙa su, kuma ba a rubuta abin da ke ciki. Maganin zaƙi da ake ɗura wa mai tsohon ciki shi ma ba a san ma'auninsa ba. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana a 2018, ba na mai ciki ba ne. Duk abin da ba a asibiti aka ba ki ba, ki kawo shi a gani kafin ki sha.

Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi, ki yi naki a gida da ruwa mai tsabta, ki rage sukari. Nono kuma ya kasance na madarar da aka tafasa.

Abincin waje

Ranar kasuwa ko ranar awo, yunwa kan kai mutum wurin mai abinci ko mai shayi. Ki zaɓi abin da aka sauke yana tururi. Taliya ko shinkafar da ta wuce awa biyu a ajiye cikin zafi tana tara ƙwayoyin cuta masu sa amai da gudawa. Tsire ya gasu har ciki, ƙwai kuma kada a bar shi da ruwa-ruwa. Kogin Jakara da ke zuba a madatsar Wasai yana ɗauko dattin birni, kuma ana ban-ruwa da shi, don haka latas da kabeji da ba ki san wanda ya wanke su ba ki bar su, a gida kuma ki wanke da kyau ko ki dafa. Taifot da kwalara da shawarar da ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa sun fi yi wa mai ciki illa.

Abinci ba ya maye gurbin awo

Ko kwanonki ya cika sharuɗɗa, ki riƙa shan ƙwayar ƙarin jini da folik asid kullum. Idan bayan gidanki ya yi baƙi kada ki tsorata, aikin maganin ne. Folik asid ya fi amfani idan an fara shi tun kafin ɗaukar ciki, domin lakar jariri tana haɗuwa ne cikin makonni huɗu na farko. Ki karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ki kwana cikin gidan sauro, domin zazzaɓin ma jini yake sha. Tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa. Babban asibitin Minjibir da ƙananan asibitocin mazaɓu sun fi kusa da ke, su ne kuma za su turo ki asibitin koyarwa idan akwai buƙata.

Abu na ƙarshe na dukan gida ne. A gidajenmu mace ce ke zuba wa kowa, ita ce kuma ke cin abin da ya rage. Muddin tana da ciki, a juya wannan tsari: a cire mata nata wake da ƙwai da kifi kafin a raba na sauran. Maigida, yau idan ka fita cefane, ka haɗa ledar taliya da gwangwanin wake da damin alayyafo. Allah ya sauke ki lafiya.