Yaro mai rashin natsuwa: kafin bulala, a duba barcinsa

Ƴan uwa ƴan kasuwa, daga Maraɗi zuwa Ƙonni babu rumfar da ba a san irin yaron nan ba. An aike shi neman canji ya manta, an bar masa jiran kaya ya bi ƴan ƙwallo, mushen lakwal kullum yana kawo ƙararsa. Mu kuwa sai mu ce taurin kai ne, mu ɗauko bulala.

To, wasu daga cikin yaran nan larura gare su, wadda likitoci ke kira ADHD da Ingilishi, TDAH da Faransanci, wato rashin iya tsai da hankali da yawan motsi. Masana sun ƙiyasta tana shafar kusan yara 5 cikin 100 a duniya, kuma takan bi wasu har girma.

Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne dare. Da yawa daga cikinsu, sinadarin melatonin da jiki ke saki don kawo barci yakan makara. Yaro na kwance ido biyu har tsakar dare, da asuba a tashe shi, ya wuni a birkice, rashin natsuwar ta ƙaru. Alhali ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12.

A ganinmu nan ne iyaye ke da abin yi, ba tare da kashe ko dala ba. A Ostareliya, wani binciken da aka fitar a 2015 kan yara 244 masu wannan larura ya nuna cewa da aka koya wa iyaye tsara barcin ƴaƴansu, barcin ya gyaru, halinsu da rana ma ya yi sauƙi.

Mu duba gidajenmu. Yaro yana rumfa har bayan isha'i, an miƙa masa kofin shayin nan mai ɗaci, ko Nescafé, ko ɓarin goro. Rabin ƙarfin abin yana nan a jini bayan kamar awa biyar. Ya komo gida kuma ya rungumi salula. Ina barci zai fito?

Saboda haka, a tsai da lokaci guda na kwanciya da na tashi, har ranar kasuwa. A hana shayi da goro daga azahar. A karɓe salula awa guda kafin kwanciya, a rage haske da ƙarar rediyo. Da safe ya fita hantsi, da rana ya yi wasansa ya gaji.

Wani zai ce kasuwa ba ta jira, yaron nan hannu ne a rumfa. Gaskiya ne. Amma hannun da ke ɓatar da canji kullum saboda gyangyaɗi, ribar me yake kawowa? Gara ya taimaka da rana, ya koma gida da magariba.

Sai babban gargaɗi: kada a sayo ƙwayar barci irin su diyazefam wurin masu tallar magani a tire a ba yaro. Tana sa sabo, kuma ba ta warkar da larurar. Idan yaro yana minshari mai ƙarfi, ko an yi makonni ana gyara babu canji, a kai shi asibiti. Wanda likita ya ɗora kan maganin larurar, a gaya wa likitan in barci ya ƙi, domin maganin kansa yakan jinkirta barci.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba da kasuwa mai albarka.